Shekarar da Aka Kai Godiya Yaye

Magana biyu ke yawo a cikin gidan nan a kan Godiya, kuma duka biyun na gaji da jin su. Kai Dauda, da kake babba, kana gaya wa ƙannenka har da matarka cewa Goggo Talatu ƙwace min 'ya ta yi, ubanku kuma ya naɗe hannu yana kallo. Ita Godiya ba ta taɓa faɗa a gabana ba, ba ta da wannan rashin kunyar, amma ya dawo kunnena cewa a ganinta ni na ba da ita tun tana goye don hidimarta ta ishe ni. To ku saurara da kyau. Ubanku ya riga mu, Talatu ta bi shi bara, cikin waɗanda suka san yadda aka yi saura ni kaɗai, ni ɗin ma gwiwoyin nan sun fara yi min sallama. Ba zan bari ku gaji maganar da ba haka take ba.

A lokacin muna haya a Ɗan Iya, ɗaki biyu a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Inna Dudu. Musulma ce, Bafulatanar gida, mijinta ya rasu ya bar mata gidan, ita kuma ta zuba mu 'yan haya tana mulkarmu kamar 'ya'yanta. Ubanku Filibus kafinta ne a Fadaman Mada, da safe ya hau kekensa, sai yamma mu gan shi da garin katako har cikin kunne. Ni kuwa masa nake soyawa a ƙofar gida, ma'aikata masu wucewa ofis su ne masu sayena. Dauda yana da shekara huɗu, Godiya shekara ɗaya da wata uku. Yarinya ce mai nauyi, mai ƙiwa, ba ta yarda da hannun kowa. A bayana take wuni. Ina juya masa tana jan ɗankwalina, ina wanki tana cizon kafaɗata, ranar Lahadi ma haka nake shiga layin matan zumunta na majami'a da ita a goye, ina buga tulun kiɗa tana tsalle a bayana har sai majanyin ya kwance. Na sha cewa wannan 'ya za ta karya ni. Ina faɗa ina dariya, kuma in wani ya ce da gaske nake, ƙarya yake yi.

Farkon damina ta fara gudawa. Kwana biyu, kwana biyar, wuyanta ya zama siriri. Wata safiya na gama suya ina kankare tanda, Inna Dudu ta kira ni daga kan tabarmarta.

"Maman Dauda, zo nan. Miƙo hannunki."

Ta juya tafina, ta ja fatar idona ƙasa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Wata nawa?"

Na ce, "Na me, Inna?"

"Ni za ki yi wa na me? Yarinyar nan ciki take sha. Ki cire ta a nono tun ba ki kashe ta ba."

Na san yanzu ma'aikatan asibiti suna cewa babu wani abu wai shi shan ciki, na ji su da kunnena. A zamaninmu kuwa ba mai musun wannan, Kirista da Musulmi. Mace ta yi ciki da goyo a bayanta, ta yi rurrutsa ke nan, abin kunya ne, kuma kunyar a kan macen kaɗai take sauka, kamar ita ta yi wa kanta. Kafin mako ya zagayo magana ta isa majami'a. Ranar zumunta ina shiga wata ta ce, "A ba Maman Dauda kujera, ita ba ta wasa da aikin cika duniya." Aka kwashe da dariya. Na yi dariyar dole ni ma.

A wurin mutanenmu ba a yaye yaro a gaban uwarsa. Kaka ake kai wa, ya yi mako biyu ko uku har ya manta nono. Kuma ga ƙa'idar da ta ci ni: uwa ba ta bin sawun yaye. Ba ta zuwa dubawa, ba ta aike a ce a dawo mata da shi. Wadda ta ɗauka ita ke dawo da shi da ƙafarta, da 'yar sabuwar riga da kaza, a ci a sha a yi godiya. Uwar da ta je karɓo ɗanta da kanta ta ce wa dangin miji ba ta yarda da su ba ke nan, kuma za a daɗe ana ba da labarinta. Tawa uwar tana can ƙauye bayan duwatsu, ba ta ko gani sosai. Uwar Filibus kuwa ta rasu yana ɗan shekara uku. Wadda ta goya shi, ta yi masa wanka, ta tauna ta ba shi, ita ce yayarsa Talatu, wadda ke aure a Tirwun. Saboda haka da aka ce yaye, ba wanda ya tsaya shawara. Sunanta kawai aka kira.

Ku da kuka san ta da tsufa ba ku san Yaya Talatu ba. Doguwa ce, baƙa, mai ƙarfin noma kamar namiji, magana kuwa sai ka roƙa. Ta haifi huɗu, ta binne huɗu, babu wanda ya kai ga yin tafiya. Daga nan haihuwar ta tsaya. Ba ta zuwa suna sai dole, in ta je kuma tana wajen murhu, ba ta karɓar jariri. Ranar da ta zo ɗaukar Godiya na lura da zanin goyon da ta zo da shi, sabo fil, ko wanki bai gani ba. Na lura, na kuma kawar da kai. Ta durƙusa, na ɗora mata yarinyar, Godiya ta sandare tana ihu tana miƙo min hannu.

"Shiga ɗaki," in ji Yaya. "In tana ganinki ba za ta yi shiru ba."

Na shiga. Ina jin kukan yana nisa har ya ɓace wajen bakin titi. Na zauna a bakin gado, gaban rigata ya jiƙe sharkaf.

Mako biyun nan na ƙirga su da yatsa. Nono ya kumbura ya yi tauri, na yi zazzaɓi, Inna Dudu ta dafa min wasu saiwoyi masu ɗaci na sha. Bayana ya yi sakayau har nakan kai hannu in gyara goyon da babu. Ranar da mako biyu suka cika na share tsakar gida, na yi miyar taushe, na ce wa Dauda yau ƙanwarka za ta dawo. Har rana ta faɗi ba kowa. Mako na uku ma haka. A na huɗu ubanku ya hau keke ya je gaishe su, shi namiji ne, ba a hana shi ba. Ya dawo yana fara'a.

"Ki ga yadda ta murmure. Gudawar ta tsaya, har kumatu ta yi."

Na ce, "Yaushe za a kawo ta?"

"Yaya ta ce ki bari ki ƙara ƙarfi tukuna. Ga laulayi, ga suya, ga Dauda."

"Ni na ce mata ba ni da ƙarfi?"

Ya ɗauki buta ya zagaya. Haka ubanku yake, Allah ya ba shi hutawa, mutumin kirki ne amma in magana ta yi zafi sai ya tuna yana da uzuri a bayan gida.

Haka damina ta wuce. Ki bari ki ƙara ƙarfi ya koma ki bari ki sauka lafiya. Ni da 'yata gari ɗaya, tasi ɗaya ce tsakaninmu, amma kunya ta ɗaure min ƙafa. Sau biyu na je da sunan gaisuwa, sau biyun na tarar sun tafi gona, na zauna da mijin Yaya muna kallon zabi, na dawo. Ina zuwa sujada a majami'a, ina buga tuluna, ina amsa waƙa, amma in aka ce a sunkuya a yi addu'a babu abin da ke zuwa bakina sai sunan yarinyar nan. Na fara jin haushin Allah, na faɗa muku gaskiya. Na fara jin haushin cikin da ke jikina, Bulus ka yafe min, kai ne a ciki. Dauda kuma ya sha duka a wannan shekarar a kan abin da bai kai a ɗaga murya ba.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyinsa. Wata ranar zumunta bayan an tashi, muna naɗe tabarmi, wata mata da ke da 'yan'uwa a Tirwun ta ce min ai na yi sa'a, an ɗauke min nauyi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Wace sa'a? Hannun da bai riƙe nasa huɗu ba, shi zai riƙe min tawa?" Ina rufe baki na san na yi ɓarna. Kowace mace ta kama naɗin tabarmarta. Na koma gida ina cewa a raina wataƙila ba za ta kai ba. Kamar ban san matan zumunta ba.

Aka haifi Bulus ana saura kwana kaɗan Kirsimeti. Yaya ta aiko da gero da man gyaɗa da itace kaya guda, ta ce girbi ya riƙe ta. Ba ta zo ba sai ranar da aka miƙa shi ga Allah a majami'a. Bayan sujada gida ya cika, ina zaune a ɗaki da jariri, sai ga ta ta shigo da Godiya a hannu. Wata shida rabona da ita. Ta yi ɓulɓul, an yi mata kitso ƙanana, ga riga mai fure, ga takalmin roba ja, tana tafiya da ƙafarta. Ni ban ga ranar da ta fara tafiya ba. Na ajiye Bulus na buɗe hannu biyu. Ta dube ni, ta dubi jaririn, ta koma bayan zanin Yaya ta leƙo da ido ɗaya. Matan da ke ɗakin suka yi dariya, wai kishi take yi da ƙaninta. Yaya ta turo ta a hankali.

"Je ki mana. Je ki gai da Maman Dauda."

Ban ce da mugunta ta faɗa ba. Kowa haka yake kirana, har ubanku. Amma a ɗakin nan, a gaban mutane, aka gaya wa 'yata sunana kamar ana nuna mata maƙwabciya. Yarinyar ta ƙanƙame ƙafar Yaya ta ce, "Mama, ɗauke ni." Da la'asar suka tafi tare. An ce in bari in gama wankan jego.

Na gama wanka, na yi arba'in, zafi ya shigo, aka yi Ista. Ba riga, ba kaza, ba Godiya. Wata ranar Laraba da safe na ƙi haɗa wuta, na bar ƙullun masa a rufe, na tare ubanku yana fito da keke.

"Yau zan je in ɗauko 'yata."

Ya daɗe yana murza hannun keken. Sannan ya ce, "Rifkatu, matar nan ita ta goya ni. Bakina ba zai iya ce mata ba ni ba. Ko za a yanka ni ba zai iya ba."

"Ban ce ka je ba."

"Za a zage ki."

"A zage ni."

"To ban aike ki ba, ban kuma hana ki ba."

Na goya Bulus na shiga tasi. Tirwun ta lokacin ba irin ta yanzu ba ce da gidaje suka cinye, gonaki ne da 'yan gidajen ƙasa jefi-jefi. Na tarar da Yaya a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗar iri, Godiya na zaune a gefenta da 'yar ƙwaryarta, wai ita ma aiki take yi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa har da Inna Dudu, ta kawo min ruwa. Na sha. Na ajiye kwanon na ce, "Yaya, na zo tafiya da ita."

Ba ta ɗago ba. Ta ɓare gyaɗa uku ko huɗu tukuna. Sannan ta karkaɗe zaninta ta shiga ɗaki. Na zaci faɗa za a yi, na zo da maganganuna a shirye tun daga gida, amma ba ta ba ni inda zan sa su ba. Ta fito da kayan yarinyar a ƙulle cikin ɗankwali, ta ajiye a gabana, ta fara yi min bayani kamar mai ba da ajiya.

"Ba ta shan kunun tsamiya, sai na gyaɗa, kuma kar ya yi zafi. In za ta yi barci sai ta kama kunnen mutum, ki bar ta ta kama. Tana tsoron akuya. In ta ce 'tata', ruwa take so."

Ina tsaye ana karanta min 'yar da na haifa. Ta ɗaga Godiya, ta shafa kanta, ta miƙo min.

"Ga ta nan, ki duba ta da kyau. Hannun nawa dai ya riƙe ta wata goma, ba abin da ya ragu a jikinta."

Ashe ta ji. Tun tuni ta ji, ta haɗiye, ta ci gaba da aiko min da gero. Na karɓi yarinyar na fita kamar ɓarauniya, Bulus a baya, ita a kafaɗa tana dukana tana ihu, mutanen unguwa suna leƙowa ta kan zana.

Kwana huɗu ta yi a hannuna. Wannan ne abin da ba wanda ya taɓa gaya muku, don ubanku ya ce a binne maganar, Yaya kuma ba mai magana ba ce. Ranar farko ta yi kuka har muryarta ta dushe. Rana ta biyu ta daina kukan, kuma wannan ya fi muni. Ta tafi zaure ta zauna a dokin ƙofa tana kallon hanya. In na ɗauko ta, ba ta ƙi, amma ina sauke ta sai ta koma. Na dama kunun gyaɗa na fifita shi, ta rufe baki. Na ba ta masa da zafinta, wadda 'ya'yan mutane ke kuka a saya musu, ta riƙe a hannu har ta huce, kaji suka ƙwace. Dauda ya kawo mata motarsa ta kara, ko kallo. Na kwantar da ita na kai kunnena kusa da hannunta, ta janye hannun ta sa a ƙarƙashin cikinta. A rana ta biyun nan, ina ta lallashi ta buge kofin ya zube min a jiki, na ɗaga hannu na mare ta. 'Yar shekara biyu. Ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni. Na shiga ɗaki na yi kukan a madadinta.

Rana ta uku jikinta ya yi zafi. Na kai ta asibiti, suka duba, suka ce ba su ga komai ba, a ba ta abinci da ruwa. Abincin da ruwan ne ai ta ƙi. Leɓenta ya bushe, idanun suka faɗa, wuyan nan ya fara komawa yadda yake lokacin gudawa. Ubanku ya dawo daga aiki ya tsuguna a gabanta a zaure, ya daɗe, ya tashi ya wuce. Da na ga haka na durƙusa a tsakar ɗaki da rana tsaka na ce, Ubangiji, kai ka ba ni ita, ka juyo min da zuciyarta, ba na roƙon komai bayan wannan. Na fito na same ta inda na bar ta.

Inna Dudu ta idar da sallar la'asar tana zaune da carbinta. Duk kwanakin nan ba ta sa baki ba. Ta yafito ni.

"Maman Dauda, sau nawa ake yaye ɗa?"

Na ce, "Sau ɗaya."

"To ke sau biyu kike so ki yi wa wannan. Na farko an cire ta a nononki, tana da ƙarfi, ta ɗauka. Yanzu kina cire ta a jikin waccan. Ban ce ba za ta ɗauka ba, wasu suna ɗauka. Amma ni na ga wanda bai ɗauka ba."

Na ce, "Inna, 'yata ce fa."

"Wa ya ce ba taki ba ce? Ni dai na faɗa miki abin da na gani."

Ta koma jan carbinta. Na ji haushin tsohuwar nan kamar in shaƙe ta, don na san ba ƙarya ta yi ba.

Ranar Lahadi da safe ubanku ya sa fararen kayansa, na yi wa Dauda wanka na shafa masa mai. Ni ban sa kayan zumunta ba. Na ba Bulus nono ya ƙoshi, na miƙa wa Inna Dudu shi. Na ɗauki ƙullin kayan da ko kwance shi ban gama yi ba, na sunkuya na goya Godiya. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Ubanku ya ce, "Ina za ki?"

Na ce, "Tirwun."

Ya cire hularsa ya zauna a kan turmi. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan, kuma ban tsaya lallashinsa ba.

Yaya Talatu ba ta fashin sujada ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, amma ran nan na same ta a gida. Tana zaune a gindin rumbun nan, gyaɗar tana nan yadda na bar ta. Kwana huɗu sun mai da ita tsohuwa. Na kwance goyo na sauke yarinyar. Ta tafi tana tangaɗi ta faɗa cinyarta, ta cusa kai, ta kai hannu ta kama kunnenta. Yaya ba ta rungume ta ba. Ta bar hannuwanta a ƙasa, ta ɗago ta dube ni.

"Gaisuwa kika kawo ta, ko kuwa?"

Na ce, "Na kawo ta."

"Ki faɗa min sosai, Rifkatu. Ba zan iya sau biyu ba."

"Na kawo ta, Yaya. Ki ba ta wani abu ta ci."

Sai a sannan ta ɗora hannu a bayanta. Ta tashi da ita a kafaɗa ta dama kunu, irin wanda na dama, gyaɗa ɗaya, gero ɗaya, ni ban ga bambanci ba. Yarinyar ta kama kofin da hannu biyu ta shanye, ta miƙa a ƙara. Ina zaune ina kallo. Na ce, "Yaya, maganar da na faɗa a zumunta." Ta ce, "Bar shi." Ba mu sake tayar da ita ba har ta mutu. Da na miƙe zan tafi ta ce in zaga ta bayan rumbu kar yarinyar ta ga fitata ta yi kuka. Kara ce ta yi min, mu duka mun sani. Ban zaga ba, na bi ta ƙofa. Godiya ta ɗago daga kofin, kunu har haɓa, ta ɗaga min hannu tana yi min sai an jima, yadda aka koya mata ta yi wa baƙi.

Sauran kun sani. An zage ni a dangi a kan zuwan farko, an yabe ni a kan na biyu, kuma yabon ya fi yi min ciwo. Godiya ta girma a Tirwun. Takan zo mana hutu da 'yar jakarta, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambaya kafin ta buɗe tukunya. Na haifi uku bayan Bulus, ba wanda na bari aka kai yaye ko nan da ƙofar gida, na shafa ɗaci a nono na yaye abina ana zagina. Ranar baftismar Godiya, Yaya ce ta riƙe mata zani a bakin ruwa. Ranar aurenta aka ajiye kujera biyu a gaba, na ce a ɗauke ɗaya, na tafi wajen tukwane. Kai Dauda ka yi fushi ran nan ka ce an wulaƙanta ni. Ba wanda ya wulaƙanta ni, ni na san wadda ta yi aikin. Kuma matar da kake kira mai ƙwace ba ta taɓa hana ni 'yata ba. Laifinta ɗaya, an ba ta aron abin da ta rasa sau huɗu, ta kasa mayarwa da hannunta. In da ni ce, ban san ko zan iya ba.

Bara da muka binne ta, Godiya ce ta zauna a tabarmar karɓar gaisuwa, kuma wurinta ne. Na shiga layi da sauran mata, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na ce mata sannu da rashi, Allah ya ba da haƙuri. Ta ce na gode. Muka dubi juna, na ga tana jira in ƙara wani abu, waɗanda ke bayana suna jira in matsa. Na matsa.

To ga abin da ban ƙara ba, Godiya. Ranar da na mayar da ke wajen Yaya akwai tasi a bakin titi, ban shiga ba. Da ƙafa na tafi daga Ɗan Iya har Tirwun cikin zafin nan, don na san in na sauke ki ba zan sake goya ki ba. Sau uku ina juyowa a hanya. Na ukun har na yi nisa na nufo gida, sai na ji numfashinki a wuyana, zafi kamar bakin murhu, na tsaya a gindin wata bishiya na kira sunanki, ba ki amsa ba. Na sake juyawa. Da muka fara hango gonakin kika ɗago kai, karo na farko a kwana huɗu, kika ce Mama. Na san ba da ni kike ba. Na amsa duk da haka.